Tafiyar jirgin ruwa zuwa tsibiran arewacin Turai da Hajiya da yara, wacce hanya zan ɗauka?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido, irin manyan nan da ake kwana a ciki kamar otel. Muna zaune a Newcastle ni da maigida da yara biyu, babbar shekara 11 ƙaramin 7, kuma Hajiyarmu zata zo daga Kano in Allah ya kaimu Yuli, shine nake so in ɗan fita da ita taga wani abu daban don duk zuwanta daga gida sai asibiti sai kasuwa, bata taɓa ganin komai a ƙasar nan ba kuma abin yana damuna wlh, mata ta sha wahalarmu.

To na samu hanya biyu duka a ƙarshen Yuli bayan an yi hutun makaranta. Ta farko kwana 7 ce, a tashi daga nan a tsaya Kirkwall a Orkney, sai Lerwick a Shetland, sai Stornoway a dawo. Ta biyu kwana 12, ita ma akwai Lerwick amma daga nan sai Torshavn a tsibiran Faroe sai a zagaye Aisilan, Seydisfjordur da Akureyri da Isafjordur da Reykjavik. Kuɗin ta biyun ya kusa ninka na farko amma gaskiya zuciyata tana can, hotunan da na gani sun tafi da ni. Matsalar ita ce Hajiya tana fama da gwiwa, tana tafiya amma bata iya nisa kuma bata son matakala, sannan dukkanmu fasfon Najeriya ne, mu muna da takardar zama ita kuma bizar ziyara. Ban san ya maganar biza take ba tunda ai a jirgi zamu dinga kwana. Sai kuma fita yawo in an tsaya, na jirgin tsada ba kaɗan ba in aka lissafa mutum biyar, shin mutum zai iya shirya nashi? Sai salla da abinci. Ku yi haƙuri tambayoyin sun yi yawa.

Baban Sadiq:

Wa alaikumus salam Maman Hanifa, Allah ya saka miki da alheri da wannan niyya, Allah ya kawo Hajiya lafiya. Ni a Aberdeen nake kuma aiki yana kaini Shetland akai akai, Orkney ma na kai iyalina sau biyu, to bari in faɗa miki abinda na sani.

Ki fara da biza kafin ki kalli hoto ko ɗaya. Orkney da Shetland da Stornoway duk Sikotilan ne, cikin Birtaniya, wato hanyar farko ba ruwanku da wata sabuwar biza. Abu ɗaya dai ki karanta jadawalin da kyau ki tabbatar babu Dublin ko Cobh a ciki, don da yawa daga jiragen da suke cewa zagayen tsibiran Birtaniya suna leƙawa Ayalan, ita kuma ƙasa ce daban bizarta daban. Belfast babu matsala. Ta biyun kuma labari ne mai tsawo, zan bar wa waɗanda suka yi.

Kuma kar ki raina ta farkon. Orkney kaɗai ta isa a yi tafiya saboda ita. Akwai wani ƙauye Skara Brae da aka gina da dutse shekara wajen 5,000 da suka wuce, ya girmi dalar Giza ta Masar, yashi ne ya binne shi har sai da wata guguwa ta tone shi a 1850. Kina tsaye daga sama kina leƙa cikin ɗakunan, ga gadon dutse hagu da dama, ga murhu a tsakiya, ga wani kabad na dutse mai hawa biyu yana kallon ƙofa daidai inda mai shigowa zai fara gani. Matata tana ganinshi tace wannan ai jere ne, inda amarya ke jera kwalla da kumbo. Na san Hajiya zata ji daɗin wurin. Daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙauyen akwai ƴar tafiya amma hanyar a shimfiɗe take babu hawa. Sai dai iska, ki sa mata hula mai kauri a ƙarƙashin mayafi da rigar da ruwa baya shiga, don ko a Yuli zafin wuraren nan bai cika wuce digiri 15 ba kuma iskar teku tana shiga ƙashi.

Tikitin Skara Brae ki saya a intanet tun da wuri ki zaɓi lokaci, ranar da babban jirgi ya tsaya cika yake. Daga Kirkwall kamar minti 30 zuwa 40 ne a mota kuma a hanya zaku wuce Ring of Brodgar, dogayen duwatsu da aka kafa a da'ira. Jiragen yawanci a Hatston suke tsayawa, bayan gari kaɗan, akwai bas da ke shiga da mutane. Tunda ku biyar ne shawarata ki nemi direba ɗan gari mai ƙaramar bas ki kama shi na awa huɗu ko biyar, in kika raba kuɗin biyar sau da yawa ya fi na jirgi sauƙi kuma ku ne da lokacinku, in Hajiya ta gaji a tsaya. Amma tun yanzu zaki nema, tsibirai ne masu mutum dubu ashirin da ɗoriya, motocin haya ƙidayayyu ne, idan jirgi ya sauke mutum dubu biyu rana ɗaya ko tasi bazaki gani ba. In maigida mai son tarihi ne a biya ta Scapa Flow inda sojan ruwan Jamus suka nutsar da jiragensu da hannunsu a Yunin 1919.

A Shetland kuma kudu zaku nufa, Sumburgh, kamar mil 25 daga Lerwick. Yaran zasu so hanyar don titin mota ya ratsa ta kan titin saukar jirgin sama, ana rufe shinge in jirgi zai sauka. Can ƙarshe akwai hasumiyar fitila a kan dutse inda tsuntsayen fafin suke, ƙanana baƙi da fari masu baki ja da ruwan ɗorawa kamar na aku, suna zama dab da katanga har kina ganin ƙananan kifi a jere a bakinsu. Daga farkon Agusta suke fara komawa teku, ƙarshen Yuli kina kan gaɓa. Hawan wurin yana da tudu sosai, ki gaya wa direban tun farko kina da dattijuwa mai ciwon gwiwa ya san yadda zai haura da ita.

Tambaya ɗaya da zaki yi wa kamfanin kafin ki biya: a kowace tasha jirgin zai jingina da gaɓa ne ko zai tsaya a tsakiyar ruwa a kwashe mutane da ƙananan kwale-kwale, abinda suke kira tenda. A Lerwick manyan jirage sukan tsaya a ruwa. Shiga tenda sai an taka matakala an tsallaka, yana sama yana ƙasa, ga mai gwiwa abin ba daɗi. Ƙaramin jirgi ya fi muku.

Anti Rabi:

Maman Hanifa ƙanwata zo in faɗa miki, ni nayi ta biyun, kusan irin jadawalin da kika lissafa, kuma bazan ɓoye miki ba tafiya ce da har yau in na rufe ido ina ganinta, amma ki saurara da kyau kan biza don ni saura kaɗan kuɗina ya tafi a banza.

Kwana a jirgi baya cire miki biza. Ranar shiga suke duba fasfon kowa, in baki da bizar duk ƙasar da za'a tsaya baza su barki ki hau ba ko da kin rantse bazaki sauka ba, kuma kuɗin ya tafi. Takardar zamanku ta Birtaniya bata shigar da ku Aisilan, bizar Shengen ce, wato ta haɗakar ƙasashen Turai, sai kun nema, yuro 90 babban mutum banda kuɗin masu karɓar takardu. To inda na kusa faɗawa rami shine Faroe. Ni na ɗauka tunda ƙarƙashin Danmak take ai Shengen ta wadatar, ashe Faroe bata cikin Shengen bata cikin Tarayyar Turai, sai bizar da ofishin jakadancin Danmak ya bayar an rubuta ƙarara cewa tana aiki a Faroe. Wakilin da ya sayar min da tikiti bai ce min komai ba, da na kira shi ma cewa yayi babu damuwa, saura sati huɗu tafiya wata ƴar Ghana da muke aiki tare ta ankarar da ni, na kwana biyu bana barci ina neman ranar ganawa. Allah ya taimake ni ta fito saura kwana shida. Ranar shiga da idona naga wasu mata da miji da akwatunansu an mayar da su, matar tana kuka, har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Sannan ita Hajiya nata ya fi wuya, don ƙa'ida mutum yana neman Shengen ne a ƙasar da yake zaune, wato daga Najeriya zata nema kafin ta taso, biza biyu bayan ta Birtaniya, ga neman ranar ganawa a Abuja ko Legas kin san yadda yake. Kuma ki duba bizarta ta Birtaniya mai shiga da fita sau da yawa ce tunda zaku fita ku dawo.

Sai teku. Tsakanin Shetland da Faroe da kuma Faroe zuwa Aisilan fili ne na Atilantika babu abinda ya tare, mu dare ɗaya muka samu kofuna suna zamewa daga tebur, mutane suna tafiya suna dafa bango, rabin ɗakin cin abinci babu kowa. Ni citta na dinga tauna da ƙwayar Stugeron, ita ma ki tambayi likitan Hajiya tukuna in tana shan wasu magunguna. Ki zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma hawa na ƙasa ƙasa, nan ne baya jijjiga sosai, na gaba da na can sama su suka fi shan wuya duk da sun fi tsada wani lokaci. Kuma ki sa a ranki ana iya soke tasha, mu Isafjordur iska ta hana mu shiga, kyaftin ya sanar da safe shikenan muka wuce. Waɗanda suka sayi yawon jirgi an mayar musu da kuɗinsu kai tsaye, ni da na biya wani na waje sai da na yi ta aika saƙo. In zaki kama na waje ki tabbatar a rubuce yake cewa in jirgi bai tsaya ba za'a dawo miki da kuɗi.

Amma Faroe kam, Allah mai iko. Tsibirai 18, mutane dubu hamsin da wani abu, tumaki sun fi mutane yawa, itace kuwa sai ki yi ta tafiya baki ga ko ɗaya ba, duwatsu ne kore shar kamar an shimfiɗa darduma, gidaje da ciyawa a kan rufi. Mun je wani ƙauye Gasadalur inda ruwa ke zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku, kafin a fasa musu hanya ta cikin dutse a 2004 da ƙafa ake haura tsauni a shiga garin. Muna isa hazo ya rufe komai ko hannunki da ƙyar, muka tsaya minti ashirin jikinmu a sanyaye, kawai sai ya yaye kamar an ɗaga labule, wata tsohuwa Baturiya kusa da ni ta riƙe min hannu bata san ni ba. Direban ya kuma bi da mu ta hanyar ƙarƙashin teku da aka buɗe a 2020 mai shataletale a ciki, shataletale a ƙasan teku fa, da fitilu masu launi. A Torshavn jajayen bas na cikin gari kyauta ne.

Aisilan kuma nisa ne matsalarta, abin kallon baya bakin tasha. A Reykjavik zagayen Thingvellir da Geysir da Gullfoss wuni guda ne a mota, awa bakwai ko takwas. A Geysir wani marmaro mai suna Strokkur yana feso tafasasshen ruwa sama duk bayan ƴan mintuna, yara zasu yi ta ihu, amma fa ba irin Wikki ta Yankari bane da ake shiga wanka, wannan ƙona mutum zai yi, a riƙe hannun ƙaramin. Irin wannan doguwar fita ita ce nake cewa ki biya ta jirgi ko da tsada, don in motarsu ta makara jirgi zai jira, in taki ce ta makara tafiyarsa zai yi ya barki da fasfo a hannu. Gajerun fita cikin gari ki yi da kanki. Kuma ki kula da agogo, Aisilan tana bayan Birtaniya da awa ɗaya a bazara, ki bi agogon jirgi kar ki bi na waya.

Ra'ayina tsakani da Allah, da Hajiya ki yi ta farko. Aisilan ki ajiye sai wata shekara ke da maigida da yara.

Ɗan Tromso:

Salam Anti Maman Hanifa, ni ɗalibi ne a Tromso a arewacin Norwe, ban taɓa shiga irin jirgin da kuke magana ba sai na gaɓar teku da ke tashi daga Bergen zuwa Kirkenes, amma maganar salla zan ɗan sa baki tunda mu nan kullum cikinta muke.

Inda zaku je da sauƙi. Mu nan daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan 20 ga Yuli rana bata faɗuwa kwata kwata, masallacinmu lokacin Makka yake bi a wannan tsakanin. Amma Orkney da Shetland rana tana faɗuwa, a ƙarshen Yuli wajen ƙarfe goma saura na dare, to Magariba a fili take. Isha da Asuba ne sai an ƙaddara saboda jan sararin baya gushewa, kuma ai kun saba da wannan a Newcastle a watan Yuni, abinda masallacinku yake bi shi zaki ci gaba da bi ki ɗan gyara da faɗuwar rana da fitowarta na inda kuke. Ki sauke jadawalin salla na kowace tasha a waya tun a gida don intanet ɗin jirgi tsada ne, kuma ki kashe data in kuna tsakiyar teku, layin jirgin yana cin kuɗi ba tausayi.

Kasaru babu saɓani kuna matafiya. Haɗa salla biyu ne nake so ki tambayi malaminku, don a littattafan Malikiyya da aka karantar da mu rangwamen haɗawa na tafiyar tudu ne, wasu malaman kuma sun halatta har a ruwa, na san dattawanmu suna son a bi abinda suka taso a kai, gara Hajiya ta taho da amsarta daga Kano hankalinta a kwance. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, kamfas ɗin waya yana rikicewa saboda ƙarfen jirgi, amma talabijin ɗin ɗaki yana nuna inda jirgin ya dosa, da shi nake lissafawa. In ruwa ya yi ƙarfi a yi a zaune. Ku tafi da ƴar buta ta roba, bazaki samu a banɗakinsu ba. Kuma Stornoway akwai ƙaramin masallaci da aka buɗe a 2018, in kun dace da Juma'a maigida ya leƙa, in Lahadi ce kuma ki sani yawancin shagunan garin a rufe suke, mutanen suna riƙe da ranar ibadarsu sosai.

Abinci kifi zai fishe ku, kuma babu inda ya kai wuraren nan kifi mai kyau. Ki rubuta wa kamfanin tun kafin tafiya, ranar farko kuma ki samu shugaban masu kawo abinci ki ce ba alade ba giya a girki, don suna zuba giya a miya da kayan zaƙi ba tare da an rubuta ba. Ki tafi da yajinki. Kilishi kuwa kar Hajiya ta ɗauko, an hana shiga da nama Birtaniya daga Najeriya.

In wata shekara zaku sake, ku duba hanyar tsibiran Lofoten a nan arewacin Norwe. Busasshen kifin nan da Igbo ke kira okporoko Yarbawa su ce panla, wanda ake sayarwa a Sabon Gari, daga nan yankin da yawansa yake fitowa. Ana kama shi da hunturu a rataye a kan manyan katakai a waje daga Fabrairu har zuwa Mayu ko Yuni iska ta busar da shi ba gishiri, jikin yawanci Italiya ake kaiwa, kawunan kuma Najeriya. Ranar da na fara tsayawa ƙarƙashin katakan nan warin ya doke ni sai da na ji kamar ina layin ƴan kifi a gida, wani dattijo da ke aiki a wurin da yaji daga inda nake ya rungume ni yace ku ne kwastomominmu.

Maman Hanifa:

Kai jama'a Allah ya biya ku, Anti Rabi wlh jikina har rawa yayi da na karanta maganar Faroe don saura kaɗan in biya kuɗin ajiye wuri jiya da daddare. Mun zauna da maigida mun yanke ta farkon zamu yi. Na kira kamfanin yau da safe, babu Ayalan a ciki, Kirkwall da Stornoway jirgin zai jingina da gaɓa, Lerwick ne suka ce sai yadda hali ya yi. A Kirkwall daga 8 na safe zuwa 6 na yamma, Lerwick kuma awa shida kacal, shin Baban Sadiq awa shida zata isa aje Sumburgh a dawo da Hajiya ba tare da gaggawa ba? Na kira Hajiya na gaya mata maganar kabad ɗin dutse tace ita sai ta gani da idonta, tana ta tambaya ko da tukwane a kai.

Baban Sadiq:

Zata isa in jirgin ya jingina, tafiyar kamar minti 40 ce zuwa 45 kowane gefe, ku yi awa ɗaya da rabi a can, in da ƙarfi ku tsaya Jarlshof, kangon wani tsohon ƙauyen tarihi da ke nan kusa, ku dawo da saura awa ɗaya da rabi a hannu ko fiye. In tenda ce kuma ki cire awa ɗaya daga lissafin don waɗanda suka sayi yawon jirgi ake fara saukewa, sauran su bi layi, to a nan ki ce wa direban ku sai awa ɗaya bayan lokacin isowa, Jarlshof a barshi. Lokacin da aka ce kowa ya dawo jirgi shi zaki riƙe, yawanci rabin awa ne kafin tashi, tenda ta ƙarshe ma ta fi haka wuri.

Sai abu ɗaya da na manta ɗazu, inshorar tafiya. Ganin likitan jirgi kuɗi ne ba kamar NHS, asibitin gwamnatin Birtaniya, ba, kuma yawancin inshorar da ake sayarwa a nan sai mazaunin ƙasar, ba zata rufe Hajiya ba. Ki nema mata wadda ta yarda da baƙo kuma aka ambaci tafiyar jirgin ruwa a ciki, a rubuta ciwon gwiwar da duk maganin da take sha, magungunan kuma su zauna a jakar hannu don akwatuna sai yamma suke isowa ɗaki ranar shiga.